Murfin Kwali na Goma Sha Bakwai

Jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Hong Kong ya sauke ni a Guangzhou cikin watan Yunin 1997, ina riƙe da jaka biyu da gargaɗi ɗaya. Jaka ɗaya ta kayan sawata ce, ɗayar kuma ta samfurin takalman da aka aiko ni in sayo. Gargaɗin na yayana ne, Alhaji Garba, wanda ya ɗauki nauyin tafiyar. Abin da ya ce da ni a ƙarshe shi ne, "Nura, takalmi na aike ka. Ka sayo takalmi, ka bar tambaya."

Yana da dalilinsa. Kafin in zama ɗan aiken takalmi, malamin tarihi ne ni a wata sakandare a Kano, a lokacin soja ke mulki. Wata rana ina koya wa 'yan ajin ƙarshe zuwan Turawa, sai na rubuta musu tambaya a allo: Bature da bindiga ya karɓi ƙasa, masu mulkin yau ma da bindiga suka karɓa, to ina bambancin? Wallahi amsa nake nema, ba rigima ba. Yaran ba su amsa ba. Wasu mutane masu baƙin gilashi ne suka zo da mota suka amsa mini, na kwana goma sha ɗaya a wurinsu. Ban fito ba sai da Yaya ya sa hannu a takarda cewa shi ya tsaya mini, in aka sake ganin rubutuna a kan gwamnati shi za a fara ɗauka. Aikin koyarwa ya tafi. Yaya yana da iyali, 'ya'ya bakwai, da shago ɗaya tak a Ƙofar Wambai, kuma tun daga ranar wuyansa yana hannuna.

A bakin tashar wani ɗan ƙasarmu ya tare ni da Hausa tas, ya kira ni ɗan'uwa sau uku kafin mu kai titi. Ya ce shi ɗan kamasho ne, ya san kowace masana'antar takalmi kamar yunwar cikinsa. Ya kai ni wani ƙaramin otal, ya karɓi jakar samfurin don kada in wahala, ya ce zai nuna wa masu masana'anta ya dawo da la'asar. Har yau da nake wannan rubutu la'asar ɗin ba ta yi ba.

Kwana uku na yi a ɗakin nan ina cin burodi da ayaba, don ban yarda da naman kowa ba. Zafin garin mai danshi ne, ka shanya riga da safe ka same ta da yamma kamar yanzu ka matse ta. Abin da ya fi damuna shi ne rashin kiran salla. Ban taɓa sanin kunnena ne ke tsara mini yini ba sai da na koma duban agogo kamar mai jiran mota. Na yi kewar gida ƙwarai, na kuma ji kunyar kaina: mutumin da ya koyar da yaudarar Turawa shekara goma sha biyu, ga shi ɗan garinsu ya yi masa wayo tun bai ajiye jaka ba.

Ranar Juma'a na bi wasu masu hula har wani tsohon masallaci mai doguwar hasumiya ruwan toka. A farfajiyarsa na ji Hausa, na ji kamar an yayyafa mini ruwan sanyi. Wani Alhaji mutumin Maraɗi ne yake gardama da wani dattijo mai faɗin kafaɗa, a kan ko Juma'a tana inganta a ƙasar da shugabanta ba ya salla. Bamaraɗen ya ce shi dai ya bi liman ne don kada a ce, amma zai sake azahar a masauki. Dattijon ya ce, "Alhaji, a gida shugaban naku shi na salla, amma lantarki nawa ya ba ku?" Harshena ya yi ƙaiƙayi, ina da abin faɗa har kashi uku. Na tuna takardar Yaya, na haɗiye.

Dattijon shi ne Baba Isaka, mutumin zangon Kumasi, aikinsa haɗa kayan 'yan kasuwa a kwantena ya tura Afirka. Da na ba shi labarin jakata sai da ya yi dariya har ya share ido.

"Ticha, wannan yaro na san shi. Ba ka ganin shi kuma. Amma ba ka da ido? Ba ka san kamannin takalmin yayanka ba? Je Zhanxi Lu, zana musu. Mutanen nan in ka zana musu aljani ma, gobe su kawo maka dozin."

Zhanxi Lu titi ne kusa da babbar tashar jirgin ƙasa, benaye ne cike da shagunan takalmi, sama da ƙasa. Kalmar farko da na koya a can ita ce "meyo", wato babu. Na kwatanta da hannu, meyo. Na kwatanta da Turanci, meyo. Da rana ta take na faɗa wani shago a can ƙurya, na wata mata mai saurin magana da kowa ke kira loban, wato mai shago. A bayan shagon wani tsoho siriri mai farar hula yana zaune a kan 'yar kujera yana naɗe kwalayen takalmi. Na nemi takarda, babu, sai matar ta miƙo mini murfin kwali. Na juya cikinsa fari, na zaro biro. Kuma kamar yadda mahaifinmu ya saba mana tun muna yara, kafin in zana komai na rubuta bisimilla a sama.

Ina cikin zana hancin takalmi sai na ga inuwa a kaina. Tsohon ne. Ya karɓi biron daga hannuna ba tare da ya nemi izini ba, ya rubuta a ƙarƙashin bisimillar, da Larabci mai kyau, baƙaƙensa sirara masu doguwar jela: "Aminci ya tabbata a gare ka. Daga wace ƙasa?"

Na amsa da baki, ya girgiza kai. Ya yi magana da baki, ni ma na girgiza kai. Larabcinsa na baki ya bi ta hanyar Sin, nawa ya bi ta Kano, ba su haɗu a ko'ina ba. Amma a rubuce, kamar a zaure ɗaya muka yi karatu. Sunansa Ma, ni kuma na riƙa kiransa Malam Ma. Mai shagon 'yarsa ce. Ita ta duba zanena ta ce akwai, za a ɗinka, in ba su mako uku.

Mako uku ba aikin yi, ga tsoho mai ilimi, ga murfin kwali jibge har rufi. Hali zanen dutse. Na ce wa kaina ai Yaya tambayar gida ya hana, bai hana tambayar Sin ba. Kullum da hantsi nakan zo in zauna kusa da shi, in taya shi naɗe kwali, ya zuba mana shayi marar sukari a ƙananan kofuna, mu ɗauki murfi ɗaya mu cika shi. Da yake malamin makaranta ba ya tuba, kowane murfi sai na sa masa lamba da kwanan wata, in jingine shi a lungu, da niyyar in tafi da su gida in ɓoye.

Tambayata ta farko a kan jajayen kyallayen da na ga an rataya a ko'ina ce. Ya rubuta cewa saura kwanaki Ingila ta mayar da Hong Kong. Na tambaye shi yadda aka yi ta karɓa tun farko. Maimakon ya amsa, ran Lahadi ya ɗauke ni a bas zuwa unguwar Liwan, muka haye wata 'yar gada zuwa wani tsibiri da ake kira Shamian. Nan na ga gidajen Turawa masu baranda da manyan itatuwa, sai na ga kamar an ɗauko unguwar Nasarawa ta Kano an ƙara mata bene. Muka zauna a benci, ya zaro murfin kwali daga cikin rigarsa.

Ya rubuta cewa Turawa sun zo sayen ganyen shayi ne, amma ba su da hajar da mutanen nan ke so, sai suka kawo musu kayan maye, ofiyam. Sarki ya hana, suka dawo da jiragen yaƙi. Da aka ci sarki da yaƙi aka karɓe Hong Kong, daga baya wannan tsibirin ma ya zama na baƙi, ɗan ƙasa ba ya shiga yadda ya ga dama. Na karɓi biro na rubuta masa cewa mu ma kamfanin ciniki ne ya riga soja isowa. Ya dube ni ya gyaɗa kai a hankali, kamar likitan da ya ji ciwon da ya sani.

Abin da ya rubuta bayan nan ne ya hana ni cin abincin rana. Ya ce mutane sun ji haushin baƙo, amma wanda suka kayar a ƙarshe sarkinsu ne. Ya ce tun dā a wurinsu mulki aro ne daga Sama. Idan sarki ya bar talaka da yunwa, ko ya kasa tsare ƙofar gida, to mai aro ya karɓe kayansa, kuma tashin jama'a shi ne alamar an karɓe. Wannan ya ba ni mamaki. Mutanen da na ɗauka ba su san komai game da amana ba, ashe sun gina sarautarsu a kanta. Na ba shi labarin malamanmu na dā da suka tashi a kan sarakunan da suka wuce gona da iri wajen haraji da ƙwace, da yadda Turawa da suka zo ba su fasa kujerar ba, sai suka zauna a bayanta suna juya mai zama. Ya rubuta, "Ku an bar muku kujerar, mu mun fasa tamu, muka kwashe shekaru muna faɗa a kan wadda za a sassaƙa."

Wata rana ya ba ni labarin wani likita ɗan wannan yanki, wanda ya jagoranci masu son jamhuriya. Ya ce a kan abu uku ya ce a kafa ƙasa: ta zama ta 'ya'yanta, mulki ya zama na jama'a, kowa kuma ya sami abin kaiwa bakin salati. Na ce masa wannan ai duwatsun murhu ne, in ɗaya ya goce tukunya ta kife. Sai da na zana masa murhun kafin ya gane, ya yi dariya har haƙoransa biyu da suka rage a sama suka fito.

A nan ne na fara lura da wata ɗabi'arsa, amma ban fahimce ta ba. In maganar shekara ɗari ce, da biro yake rubutawa. In ta matso kusa da yau, sai ya ajiye biron, ya tsoma ɗan yatsa a shayi ya rubuta a kan tebur. Ranar da na tambaye shi yadda Musulmi suka rayu ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin sarakunan da ba sa salla, da biro ya amsa: kakanninsu sun ce ka bi sarki a kasuwa da kan hanya, ka bi Allah a ko'ina. Na rubuta, "In biyun suka yi karo fa?" Ya dubi ƙofa, ya tsoma yatsa. Ya rubuta cewa akwai shekarun da aka rufe masallatai, ya ɓoye Larabcinsa kamar yadda ake ɓoye iri a tulu. "Ka yi shiru ka rayu, ka koya wa jikanka." Kafin in gama karantawa farkon layin ya bushe. Ni a tunanina tattalin biro yake yi.

Ranar ɗaya ga Yuli aka rufe shaguna. Da hantsi muka haɗu a wani gidan taliya na Musulmi, ana ta maimaita bikin a talabijin: ana sauke tutar Ingila, ana ɗaga ta Sin. Mutane suna tafi. Malam Ma bai tafa ba, amma na ga ya cire gilashinsa yana gogewa fiye da yadda gilashi ke bukata. Ni kuwa kishi ne ya kama ni, da baƙin ciki. Na tuna labarin da Yaya yakan ba mu, na ranar da aka sauke wannan tutar a ƙasarmu, yana ɗan firamare, aka raba musu 'yan tutoci da shinkafa, suka ɗauka daga ranar an gama wahala.

Washegari a shago na jawo murfi, na sa masa lamba goma sha bakwai, na juye abin da ke cikina. Na rubuta cewa an sauke mana tuta an bar mana bulala. Na rubuta cewa wanda ya karɓi mulki da bindiga ɓarawo ne ko da a sahun gaba yake salla, kuma jama'a suna da haƙƙin ƙin sa. Na ambaci ƙasata, na ambaci muƙaman mutane. Ina cikin rubutun Malam Ma ya turo mini kofin shayi har ya taɓa hannuna. Na ɗauka na shanye, na ce masa shiye-shiye, wato na gode, na ci gaba. A ƙarshe na sa cikakken sunana, kamar mai sa hannu a sakamakon jarrabawa.

Ya karanta har ƙarshe. Sannan ya karɓi biron ya rubuta layi ɗaya a ƙasa: "Masu tashi, idan sun hau kujera, wa zai tuna musu abin da ya tashe su?" Na juya biro, na juya, na ajiye shi. Na jingine murfin a lungu tare da 'yan'uwansa, na ce sai na yi tunani.

Takalma suka iso daga masana'anta ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni. Kwana biyu ban fita ba. Loban, don ta kyautata mini, ta sa ma'aikatanta suka zuba takalman a kwalaye, suka jera a manyan katan, aka rubuta sunan Yaya da na Kano a jikin kowanne, aka kai sito wurin Baba Isaka. Da na warware na zo shago, idona ya fara sauka a lungun nan. Wayam. Na nuna wurin da hannu. Loban ta yi murmushi, ta kwatanta mini cewa murfi ne ya gaza musu, suka ga waɗancan a jingine, ai lafiyarsu ƙalau, rubutun ma a ciki yake ba mai gani.

Na tsaya ina lissafi. Murfi goma sha tara, cike da maganar juyin mulki da rubutun hannuna, suna cikin kayan da ke ɗauke da sunan mutumin da ya sa hannu a kaina, za su bi ta hannun masu binciken kaya a Legas. A daidai lokacin ne na gane abin da kofin shayin nan yake nufi. Ba sha aka ba ni ba, tawada aka miƙo mini, irin wadda ke bushewa ta ɓace. Ni kuwa na shanye har da godiya.

Malam Ma ya miƙe. Ya sa takalminsa, ya faɗa wa 'yarsa magana biyu, fuskarta ta sauya, ta ja ƙofar shagon ta rufe da rana tsaka. Mu uku muka shiga tasi zuwa siton.

Mun tarar ana lodi. Na ja Baba Isaka gefe na gaya masa gaskiya duka, har da takardar Yaya. Ya cire hula ya shafa kai.

"Ticha! Mutane su na zuwa Chana su sai kaya, kai ka zo ka buɗe makaranta cikin kwali? Kwantena nan da la'asar shi ke tafiya tashar jirgin ruwa, Huangpu. Kayan mutum tara ke ciki."

"Baba, ka taimake ni. Ba don ni ba."

Ya daka wa masu lodi tsawa suka dakata. Aka sauko da katan ɗin da hannu zai iya kaiwa, muka zauna a siminti cikin zafin nan, muna yanka salatif, muna ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya. Loban tana buɗewa da sauri kamar mai ɓare gyaɗa, tsohon yana mayarwa yana jerawa, Baba Isaka yana mita yana buɗewa. Duk wanda ya ga rubutu sai ya ɗaga sama. Na uku ya fito, na goma sha ɗaya, na murhu, na Shamian. Gumi ya jiƙe rigar tsohon har ana ganin ƙashin bayansa, na roƙe shi ya huta, ya yi kamar bai gan ni ba. Da la'asar ta yi muna da goma sha takwas. Na jera su bisa lamba. Na goma sha bakwai ne babu.

Sauran katan shida tun da safe aka tura su can ƙuryar kwantenar, bayan injinan wani da buhunan wani. Baba Isaka ya dube ni, wannan karon ba wasa a fuskarsa. Ya ce in ya sauke komai jirgi zai tafi ya bar mutum tara, kuma ba shi da bakin da zai gaya musu dalili. Gaskiyarsa ce. Ina tsaye aka ja ƙofar ƙarfen aka buga mata hatimi.

Daga nan na wuce wurin buga waya. A lokacin ba a sakin baki a waya, ba ka san wa ke saurare ba. Da Yaya ya ɗauka na gaishe shi, na ce kaya sun taso. Sannan na ce, "Yaya, akwai kwali ɗaya da na yi irin karatun Babanmu a cikinsa. Irin wanda na yi a allo."

Yaya ya rage murya.

"Da sunanka?"

"Da sunana."

"Takalmi na aike ka, Nura." Ya ajiye.

Ranar da zan bar garin na je sallama da Malam Ma. Murafan nan goma sha takwas mun riga mun yayyaga su mun zuba a kwandon shara, ni da kaina na nemi a yi hakan. Ya zuba shayi. Wannan karon ni na fara tsoma yatsa, na rubuta masa a tebur cewa ina jin tsoro. Ya rubuta a ƙasa cewa shi ma ya taɓa ji, shekara goma. Muka zauna muna kallon rubutun yana bushewa. Da na bi ta Hong Kong a hanyar komawa, tutar da na tarar da zuwa ba ita ce a sama ba, amma ban iya jin daɗin kallon ba. Hankalina yana cikin wani kwali a tsakiyar teku.

Na riga kayan isowa da mako biyar. A makonnin nan Yaya bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Gaisuwa kawai, sai ya juya ga masu ciniki. Nakan ga 'ya'yansa suna wasa a tsakar gida in kau da kai. Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne, a cikinmu biyu Yaya ne mai ƙwaƙwalwar karatu. Mahaifinmu malamin zaure ne, wanda aka taɓa ba shi alƙalanci ya ƙi, ya ce ƙofar hukuma tana da saukin shiga. Yaya yake sa ran zai gaje shi. Da Baba ya rasu, Yaya ya rufe littattafai ya shiga kasuwa don ni in yi boko. Ban taɓa jin ya yi zancen mulki ba, ko a shayi, ko a ɗaurin aure. Ni na ɗauka abin bai dame shi ba ne.

Da labari ya zo jirgi ya iso, Yaya, wanda kullum wakili yake turawa, ya ce shi zai je Legas da kansa. Na ce in bi shi, tunda ni na ɓata. Ya ce, "Sunan wa ke jikin katan ɗin?" Ya kira matarsa ya nuna mata inda takardun gida suke. Kwana tara ya yi. Ranar da ya dawo a gaban motar kaya, ya rame, abin da kawai ya ce shi ne an buɗe katan huɗu, Allah ya rufa asiri. Ya hana yaran shago taɓa kayan. Shi kaɗai ya riƙa shiga sito yana buɗe kwalayen.

Bayan kwana uku ya aika a kira ni. Na same shi a shago yana ciniki da wata mata. Bai dube ni ba, ya turo mini kwali da ƙafa.

"Lambarka ce. Ka daina yawo da wannan silifas ɗin kamar ba ka da ɗan'uwa mai sai da takalmi."

Na kai gida na buɗe. Baƙin takalmi ne, sau ciki. Na juya murfin. Ga lamba goma sha bakwai, ga haukana duka da sunana, ga siririn layin Malam Ma yana tambayar wa zai tuna wa masu tashi abin da ya tashe su. A ƙarƙashinsa akwai sabon layi, da wani rubutu da rabona da ganinsa tun a zauren Baba, mai kauri, a tsaye, ba gyara ko ɗaya: "Mai tambaya ne zai tuna musu, in ya sami ɗan'uwan da zai tsaya masa."

Na shafa layin da yatsa, na ƙara shafawa. Bai goge ba. Da biro Yaya ya rubuta, kuma ya sa sunansa a ƙarƙashin nawa.